Inabin Lungun Sanyi

Duk mai noman rani a bakin kogin Katagum ya san Lungun Sanyi, kuma babu mai son sa. Wani kwari ne a daidai inda kogin ya karya kwana, kanya da giginya sun tsare masa ranar yamma, sanyi ya kwana a ciki ya ƙi tashi har hantsi. Tumatirin da aka dasa a wurin sai ya yi ta nawa, na maƙwabta ya nuna a kai kasuwa a dawo, shi yana nan kore shar. Marigayi Malam Uzairu, mai gonar, ya gwada barkono, ya gwada albasa, daga ƙarshe ya haƙura ya bar wa awaki.

To a nan ne autarsa, Malama Saliha, ta ce za ta dasa inabi.

Shekara ashirin da biyu ta yi tana malamar gona, tana yawo a bayan babur ƙauye-ƙauye, tana gaya wa magidanta yadda za su yi da gonakinsu, su gyaɗa mata kai, ta juya baya su yi abin da suka ga dama. Da ta ajiye aiki, mijinta ya rasu, 'ya'ya kowa ya kama gabansa, sai ta dawo tsohon gidansu na Katagum ta ce yanzu kanta za ta ba shawara, ta ga ko ita za ta ji. Wani tsohon malaminta a Filato ne ya ba ta sandunan dashe iri biyu. Ɗaya fari ne, mai haƙuri. Ɗayan baƙi ne, 'ya'yansa ƙanana, fatarsa kamar ɓawon albasa, malamin ya ce shagwaɓaɓɓe ne, ba ya son zafi, ba ya son gaggawa, amma in ya samu wurin da sanyi ke jan masa rai ya nuna a hankali, ba a manta ɗanɗanonsa. Yana faɗa tana ganin lungun babanta a ido.

Sai dai gonar ba tata ba ce ita kaɗai. Gado ne da ba a raba ba, kuma mai ta cewa shi ne babban wansu, Alhaji Abdulrahim, dillalin riɗi a Azare, mutumin da in ya ce gobe, to goben ce. Shi so yake a sa tarakta ta baje gonar gaba ɗaya har lungun, a zuba shinkafa kamar yadda kowa yake yi. Ban da haka kalmar inabi ma ba ta kwanta masa ba, don ya san abin da mutane za su ce ana yi da shi. Sun kai ruwa rana, har sai da Goggo Talatu ta Giade, ƙanwar babansu, ta zaunar da su ta yanke. An ba Saliha rani huɗu. A ranar farko ta azumin shekara ta huɗu, ranar da dangi ke haɗuwa shan ruwa a gidan Alhaji, za ta kawo kwalba ɗari na ruwan inabin lungun, mai tsabta, wanda ko ƙanshin abin maye bai ratsa shi ba. In ta kawo, lungun nata ne. In ba ta kawo ba, bayan Sallah tarakta ta shiga, kuma kada wanda ya je wa Goggo da kuka.

Shekarar farko gara ta cinye mata kashi ɗaya cikin uku. Ta sake dasawa. A ta biyu, bayan ɗaukewar damina, ta shiga da almakashi ta yi wa kowane itace aski, ta tsige ganyen tas, rumfunan suka koma dirkoki da waya da ƙirare. Masu lambun kusa suka tsaya a kan kunya suna kallo. Mutanen da suka tashi suka ga ana lallaɓa duk abin da yake kore, ga mace ta shekara tana ban-ruwa ta zo ta tuɓe shukarta da hannunta, ai dole su ce boko ya taɓa ta. Ta yi bayani sau ɗaya, aka yi dariya. Ta yi na biyu, wani ya tambaye ta ko a takarda za ta ci 'ya'yan. Daga ranar ta kama bakinta, ta ce ba za ta ƙara yi wa kowa bayanin komai ba. A shekara ta uku ya yi 'ya'ya, tsuntsaye suka riga ta. Ta bi gida-gida tana karɓar tsofaffin gidajen sauro, ta ɗinke su, ta lulluɓe rumfunan.

A ta huɗu abin ya zo. Gungu-gungu suka sauko daga waya, farin yana sheƙi, baƙin ya haɗe jikinsa kamar an dunƙule hannu. Saliha takan tsaya da safe cikin sanyin nan ta ciri ƙwaya ɗaya, ta tauna, ta tofa ƙwallon a tafin hannu ta duba ko ya fara yin ja. Farin ciki take ji wanda rabonta da irinsa tun haihuwar ɗanta na fari, amma ba ta gaya wa kowa ba.

Saura abu ɗaya, kuma shi ne mafi wuya a ido. Inabi in ya kusa nuna ana yanke masa ruwa. Sai ya yi kwana goma sha huɗu da ƙishirwa, ganyen ya langaɓe, ƙasa ta tsage, sannan zaƙin ya taru a cikin 'ya'yan. Ta ƙirga kwanakin daga ganin wata ta dawo baya, ta cika buhu da yashi, ta toshe bakin hanyar ruwan da ke shiga lungun. Ko wannan ba ta yi wa kowa bayani ba.

Injin ban-ruwan kuwa na haɗin gwiwa ne tsakaninta da maƙwabcinta, Baffa Hammawa, wani dattijon Bafulatani da ya daɗe da ajiye sanda ya kama noman albasa. Aminin babanta ne, a hannunsa ta girma, har yau 'Yar Malam yake ce mata. Ko ranar da ake mata dariya shi bai yi ba, kai kawai ya girgiza, irin girgizawar wanda ya ga ana yi wa yaro kaciya.

A kwana na shida na ƙishirwar aka bugo waya daga Giade cewa Goggo Talatu ta rasu. Saliha ta yafa mayafi ta kama hanya, ko lambun ba ta leƙa ba. Ta yi kukan goggonta, ta yi kuma kukan da ba ta iya gaya wa kowa, don matar da ta tsaya mata ce ta tafi, saura kwana kaɗan ta ga abin da ta tsaya wa. A wajen zaman makoki ta haɗu da Alhaji, suka yi wa juna gaisuwa. Bai yi maganar lungu ba, ita ma ba ta yi ba. Sai da aka yi sadakar uku, aka ƙara kwana saboda baƙi, sannan ta dawo.

Akwai wata al'ada a bakin kogin nan wadda ba a rubuta ta ko'ina ba. Wanda mutuwa ta ɗauke daga lambunsa, ba a barin shukarsa ta kwana da ƙishi. Ba a neman izininsa, ba a jiran godiyarsa, maƙwabci ne kawai zai juya masa ruwa in ya gama nasa. Haka aka yi wa babanta, haka babanta ya yi wa wasu, ita ma ta sani sarai. Amma tun daga Katagum har Giade har dawowa, abin bai faɗo mata a rai ba ko sau ɗaya.

Tun daga kan gangare ta ga ƙasar lungun ta yi baƙi tana ƙyalli. Buhun yashin yana gefe, an jingine shi da dirka a mutunce. Ganyen da ta bari a langaɓe ya miƙe ya yi shar, gwanin kyau ga wanda bai sani ba. Ta ɗaga gidan sauron ta shiga ƙarƙashin rumfar baƙin, sai rina da ƙudan zuma suka tashi. 'Ya'yan sun sha ruwa sun kumbura har fatar ta kasa riƙe su. Ko'ina a tsage, ruwan yana bin gungun yana ɗiga a ƙasa.

Ta dafa dirka.

Tana nan tsaye ta ji sallama. Baffa Hammawa ne ya ratso ta cikin albasarsa, fuska a sake, yana yi mata ta'aziyya tun daga nesa. Ya ce kada ta damu da komai, ya ga abin nata ya kusa mutuwa, wani shashasha ma ya toshe mata hanyar ruwa da buhu. Sau biyu ya juya mata, kuma bai yi rowa ba, sai da ya ga ya kwanta kamar na shinkafa. Fetur ɗin ma kada ta yi maganarsa.

Maganganu suka taso mata har maƙogwaro, masu zafi, irin waɗanda in an faɗa wa dattijo ba sa gyaruwa. Ta dube shi. Wandonsa a naɗe, laka har gwiwa, mutum mai shekara saba'in da wani abu. Ta haɗiye. Ta sa hannu ta yanko gungu ɗaya ta miƙa masa.

"Baffa, ni na toshe ruwan. Shi wannan in ya kusa nuna, ƙishirwa yake so. In ya sha, haka yake yi."

Ya juya gungun a hannunsa, ruwan ya bi yatsunsa. Sannan ya tambaye ta, a hankali, me ya sa ba ta gaya masa ba.

Wannan tambayar ta fi tsagewar inabin yi mata ciwo. Shekara biyu tana fushi da mutanen da suka yi mata dariya, sai ta haɗa har da wanda bai yi ba. Kalma uku da ta faɗa masa da yanzu ba wannan zancen ake ba. Ta ce masa laifinta ne, kuma da gaske take. Sai dai laifi ko na waye, saura kwana huɗu azumi, inabin da ya tsage kuwa ba ya jiran kowa. Rana ɗaya ta zafi ta ishe shi ya fara juyawa ya zama abin da Alhaji yake tsoro.

Ba ta zauna ba. Ta aika aka kira Inna Lauratu, matar Baffa, da mata huɗu na unguwa, kowa da wuƙa da kwando. Kafin azahar sun sauke baƙin gaba ɗaya, sun baje shi a kan tabarmi ƙarƙashin kanya. Saliha ta zauna a tsakiya tana bin gungu ɗaya-ɗaya da ido da hanci. Wanda bai tsage ba gefe guda. Wanda ya tsage yau, bakinsa bai bushe ba, shi ma a ɗauka. Wanda kuwa ya kwana biyu a tsage har ya fara wannan tsami-tsamin mai hawa kai, ta ware shi can nesa. Kafin la'asar tulin na nesa ya ninka sauran biyun.

Ta ɗauki fartanya ta fara haƙa rami. Inna Lauratu ta riƙe mata hannu, ta ce wannan ai asara ce da ido buɗe, in aka tafasa shi da kyau aka ɗan sa citta wa zai gane, su da suke gyara nono kullum sun san yadda ake yi da abin da ya fara tsami. Saliha ta ce ta yi alkawarin ko ƙanshi babu, kuma wadda aka yi alkawarin a gabanta tana kwance a Giade kwana huɗu kenan. Ta juye tulin a rami ta mayar da ƙasa. Tana yi hawaye na zuba, ba ta tsaya sharewa ba, don hannayen duk ruwan inabi ne.

Sauran suka kwasa zuwa gida. Aka wanke, aka tsige, aka murje da hannu a manyan robobi, aka matse a farin ƙyalle. Ta ɗora a tukunyar biki da wuta kaɗan-kaɗan, tana tsaye a kai tana kwashe kumfa, ba ta bari ya yi tafasar hauka ba don kada ɗanɗanon ya gudu. Kwalaben da ta shekara tana tarawa an dafa su a wata tukunyar. Aka ɗura da zafinsa aka toshe. Baƙin da ta sa ran zai ba ta kwalba hamsin, goma sha huɗu ya bayar.

Farin da yake fatarsa da kauri bai tsage sosai ba, sai dai ya sha ruwa ya yi lami. Ta mayar da buhun yashin wurinsa, ta ba shi kwana biyu ya ɗan dawo hayyacinsa, fiye da haka babu lokaci. Ta bi shi da almakashi, duk gungun da ta ɗanɗana ta ji ruwa ne zalla ta bar wa mata su kai wa yara. Abin da ya tsira ya ba ta ashirin da bakwai. Ta jera su a ɗaki ta ƙirga, ta sake ƙirgawa kamar za su haihu. Arba'in da ɗaya.

Duk kwanakin nan ba a ga Baffa Hammawa a lambu ba. Ana jajibirin azumi da hantsi sai ga a-kori-kura ta tsaya a ƙofar gida, ya sauko daga gaba, direba yana sauke kwalaye. Inabi ne, irin manyan nan da ake kawowa kasuwar Azare daga nesa, kowace ƙwaya kamar goro. Saliha ba ta tambayi inda ya samu kuɗi ba, don tun jiya Inna Lauratu ta gaya mata an fita da ragon da yake turke shekara biyu.

Ya tsaya a zaure, ya ƙi zama. Ya ce shi ya ɓata, shi zai gyara. Ta matse wannan ta haɗa da nata, ɗari za ta cika har da ɗori. Alhaji bai taɓa sa inabin lungun a baki ba, a gidansa ma babu wanda ya taɓa, to wa zai ce ga na nan ga na can?

"Na karɓa, Baffa, Allah ya saka da alheri. Zan matse shi, kowa zai sha. Amma ba zan haɗa ba."

"'Yar Malam, za su tumɓuke miki shi fa. Shekara huɗu."

"Na sani. In na haɗa, Yaya zai bar min lungu saboda inabin da ba a lungun ya fito ba. Baɗi kuma fa, sai ka sake sayar da wani ragon? Ni so nake a san abin da wurin nan na Baba zai iya, shi kaɗai, ko da cokali ɗaya ne."

Ta faɗa da ƙarfin zuciya, amma kada a ɗauka abin ya zo mata da sauƙi. Da yamma, tukunyar na kasuwa tana kan wuta, ƙanshin zaƙi ya cika gida, ta tsaya da ludayi a hannu tana kallon ƙofar ɗakin da arba'in da ɗayan suke. Ta so ta haɗa. Ta so ƙwarai. Ta tuna garar shekarar farko, da dariyar kan kunya, da yatsunta da allura ta huda wajen ɗinkin gidan sauro. Ta hango tarakta tana jan dirkokinta. Babu mai gani sai Inna Lauratu, ita kuwa da murna za ta taya ta. Sai ta ajiye ludayin ta aika a sayo mata farar takarda da gam. Ta zauna ta rubuta wa kowace kwalba suna da hannunta. Lungun Sanyi, baƙi. Lungun Sanyi, fari. Sauran sittin da biyar ɗin ta rubuta musu: Na Baffa Hammawa.

An ga wata. Washegari suka kama hanyar Azare, ita da Baffa, wanda ya ce ko ba a gayyace shi ba sai ya je. Gidan Alhaji ya cika kamar kowace shekara, ana ta suyar ƙosai, an dama kunun tsamiya, yara suna leƙen rana. Wurin zaman Goggo Talatu ne kawai babu kowa, an bar tabarmar a naɗe. Saliha ta sa aka jera kwalaben a bahon ƙanƙara a falon Alhaji, ta koma cikin mata.

Aka kira salla, aka sha ruwa da dabino, maza suka tafi masallaci suka dawo. Can aka ce Alhaji yana kira. Ta same shi tsaye a kan bahon, ya riga ya ƙirga, don shi ko buhun da ba nasa ba in ya gani sai ya ƙirga. Fuskarsa da wani abu kamar mamaki, kamar kuma sauƙi. Ya ce ɗari da shida, ta cika har ta yi gyara, shi kuma ba ya magana biyu.

Da ta yi shiru na numfashi ɗaya, da shi kenan. Ta durƙusa ta fara juya kwalaben, rubutun ya fuskance shi.

"Ban cika ba, Yaya. Na lungu arba'in da ɗaya ne. Waɗannan na kasuwa ne, Baffa ya kawo min gudummawa."

Ya sa tabarau ya karanta, ya cire. Ya zauna. Ya ce a kawo kofi uku. Na kasuwar ya fara sha, ya ce zaƙi kamar an juye sukari, yara za su so shi. Ya kurɓi farin, ya ɗan ɗaga gira. Sannan baƙin. Wannan bai haɗiye da wuri ba, ya riƙe shi a baki yana juyawa yadda yake yi wa riɗin da bai san garinsu ba. Akwai zaƙi, amma a bayansa akwai ɗan tsami, da wani bauri siriri da ke tsayawa a harshe bayan an haɗiye. Ya sake kurɓa. Ya tambaye ta me ya sami sauran.

Ta ce ita ta yi sakaci, ruwa ya shiga lokacin da bai kamata ba. Ya tambayi wa ya sa ruwan. Ta dubi ƙasa. Ba ta kai ga neman abin faɗa ba aka yi sallama a bakin ƙofa, ashe Baffa Hammawa yana tsaye tun ɗazu da takalmansa a hannu. Ya shigo ya faɗi komai, tun daga buhun da ya ɗauka aikin shashasha ne har sau biyun da ya juya. Ya ce shi dai ya ga abu yana jin ƙishi, mai shi tana wajen mutuwa, ya yi abin da Malam Uzairu zai yi masa. In tumɓukewa za a yi, a fara da albasarsa.

Alhaji ya juya kofin a hannunsa. Mutum ne da ya gina sunansa a kan rashin janye magana, ga shi yau maganar tasa ta tsare masa hanya. Saliha ta san shi, ta san ba zai ce an yafe ba, kuma ita ma ba yafiya ta zo nema ba. Ta riga ta gama shawara tun a mota: in tarakta za ta shiga, kafin ta shiga za ta yanki sandunan dashe, ta nemi wani kwarin ko aro ne, ta sake daga farko. Shekararta hamsin da uku. Ta lissafa, tana da wasu huɗun in Allah ya yarda.

Ya ɗago ya tambaye ta, wai da gaske hana shi ruwa ake yi da gangan? Ta ce e. Kwana nawa? Ta ce goma sha huɗu. Nawa ya samu? Ta ce bakwai, a na takwas aka ba shi. Ya ce kuma wannan ɗanɗanon na rabin ƙishirwa ne? Ta ce na rabi ne, da ya cika da ya fi haka nesa ba kusa ba.

Ya dubi kofin, ya dubi Baffa, leɓensa da ya wuni a bushe ya ɗan motsa.

"Wato Baffa, azumi ka same shi yana yi, ka ɗura masa ruwa."

Baffa ya sunkuyar da kai ya ce haka ne.

"To ni dai abin da aka karantar da ni, wanda aka karya wa azumi ba da son ransa ba, ba a korar sa daga gida. Ramawa yake yi." Ya ajiye kofin. "Ya rama baɗi. Kwalba ɗari, ranar farko, ko ɗaya ban rage ba. Ke kuma Saliha, kin yi shekara ashirin kina yi wa ƙattin duniya bayani, ki buɗe baki ki yi wa maƙwabcinki."

Ta ce to, Yaya. Ya sa aka fitar da na kasuwar a raba wa jama'a, na lungun kuma ya ce a zuba wa manya rabin kofi-rabin kofi, kowa ya san abin da yake sha. Kwalba ɗaya ta baƙin ya ɗauka da kansa ya ce a kai Giade, a ba 'ya'yan Goggo.

A tsakar gida, bayan hayaniya ta lafa, Saliha ta samu ɗan abin da ya rage a gindin wata kwalba ta tsiyaye a kofi. Sai a lokacin ta sha shi a zaune, a matsayin mai sha ba mai dubawa ba. Ta ji sanyin lungun a ciki, ta ji kuma inda ruwan Baffa ya tsinka shi. Ta leƙa zaure ta hango dattijon yana sa takalmi, ta ce masa gobe in sun koma kada ya wuce gida, su fara biyawa ta lambu. Akwai abubuwa da yawa da za ta nuna masa, kuma daga buhun yashi za su fara.